Wanda Zai Raka Yesenia Tsakiyar Fili

Wilmer ne ya koya wa ƙanin matarsa yadda baƙo yake tsayuwa idan ana rera taken Amurka. A lokacin Eusebio sabon zuwa ne daga Peru, a kan doguwar kujerar falonsu yake kwana, rigar sanyin Wilmer yake sawa. Suka je kallon ƙwallo a filin makarantar garin. Da aka fara taken, Eusebio ya ga kowa ya dafe ƙirji, shi ma ya kai hannu. Wilmer ya janyo hannun ƙasa.

"Wannan ba naka ba ne. Ka miƙe, ka cire hula, ka saki hannuwanka, ka yi shiru. Dafe ƙirji na 'yan ƙasa ne."

Haka Mista Hruska, wani tsohon soja da yake shugabansu a mayankar shanu, ya koya wa Wilmer tun farkon zuwansa jihar Nebraska, kuma bai taɓa saɓawa ba.

Yanzu Eusebio ya zama ɗan ƙasa. Ya auri Darlene 'yar garin, ya ci jarrabawar zama ɗan ƙasa a karo ɗaya, ya yi rantsuwa, aka ba shi 'yar ƙaramar tuta ya kafa a gaban motarsa. Wilmer kuwa, da ya riga shi zuwa da shekaru, har yau katin zama ne a aljihunsa. Turanci ne ya kayar da shi a jarrabawar, bai sake komawa ba.

Ran Lahadi suna cin shinkafa da kaza a gidan Wilmer, har da Eusebio, sai 'yar Wilmer, Yesenia, ta ce an zaɓe ta ta rera taken ranar Juma'a, kafin a take wasa. A makarantar, duk ɗalibin da zai rera, wani daga gidansu ne yake raka shi tsakiyar fili ya tsaya a gefensa. Wilmer ya ajiye cokali. Har ya fara tunanin rigar da zai sa.

"Malama ta tambaye ni wa zai raka ni," in ji Yesenia, idonta a kan faranti. "Na ce Kawu."

"Ke!" uwarta Maritza ta ce. "Ubanki mutuwa ya yi?"

"Mama, tsakiyar fili ne fa, garin nan kaf suna kallo. Bara sai da ƙawata Kaylee ta tambaye ni wai Baba haushin ƙasar yake ji ne, kowa ya dafe ƙirji shi ya tsaya kamar turken fitila."

Eusebio ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi.

"Ƙyale ta, Yaya. Mijinki mutum ne mai ƙa'ida, shi ya koya mini ma. Ni dai hannuna ya samu lasisi." Ya ɗaga hannun yana juya shi kamar mai nuna sabon agogo. "Mijin Yaya, in kana so in ara maka na yini ɗaya, ka yi magana."

"Ci abincinka," in ji Wilmer. "Da can ma a gidan nan kake ci."

Eusebio ya miƙa hannun mai lasisi ya ɗauke cinyar kazar da ta rage. Wilmer ya bi cinyar da kallo. Shi ne yake kai yarinyar nan koyon waƙa kowane sati, ya zauna cikin mota yana jiranta ƙanƙara na zuba. Eusebio ko sau ɗaya bai taɓa kai ta ba. Amma ga ta ta jingina da kafaɗar kawun nata, suna shawarar ko ya sa baƙar kwat ko shuɗiya.

Washegari da Wilmer ya kai ta bakin makaranta bai buɗe mata ƙofar mota nan da nan ba.

"Ki gaya wa malamar ni ne zan raka ki."

"Baba..."

"Zan dafe."

Ta juyo ta dube shi. "Da gaske? Ba sai mun shiga ka fasa ba?"

"Na taɓa ce miki zan yi abu na fasa?"

"To Kawu fa? Ya riga ya kai kwat ɗinsa guga."

"Ya sa ta ya zauna a benci."

Wannan maganar ita ce abu mafi daɗi da ya faɗa a satin.

A banɗakin mayanka ya gwada a gaban madubi. Rabonsa da dafe ƙirji tun yana ɗan makaranta a Huancayo, garinsu can Peru, ana rera wani taken daban. Hannun ya ƙi zama. In ya yi sama sai ya yi kama da mai gyaran wuyan riga, in ya yi ƙasa kamar mai ciwon ciki.

Ranar Juma'a da yamma benci ya cika. Ƙamshin soyayyiyar masara ya cika iska, 'yan badujalar makaranta suna gwada ƙahonninsu. Aka kira sunan Yesenia a lasifika, aka kira nasa, mai sanarwar ya murɗe sunan gidansu kamar yadda aka saba. Suka taka ciyawa tare. Wilmer ya hango Eusebio a layi na biyu cikin shuɗiyar kwat. A layin gaba kuma ga Mista Hruska da hularsa ta tsofaffin sojoji.

Jama'a suka miƙe. Yesenia ta fuskanci tuta ta ja numfashi. Wilmer ya cire hula, ya ɗora hannun dama a ƙirji, ya danne shi can kamar zai gudu. Muryarta ta fita tas, ba ta karye ba ko a wurin nan mai tsawo da yake kayar da manya. Shi bai ji rabinta ba. Eusebio yake kallo. Sabon ɗan ƙasar ya riƙe waya da hannu bibbiyu yana ɗaukar bidiyo, ƙirjinsa babu komai a kai.

Aka gama, fili ya ɗauki tafi. A bakin shinge Mista Hruska ya tare shi ya kama hannunsa.

"Wilmer! Ashe ka samu ba ka gaya mana ba? Barka, barka. Yaushe aka yi rantsuwar?"

"Ba a yi ba tukuna, yallaɓai."

Tsohon ya dubi fuskarsa, ya dubi hannun da yake riƙe da shi, ya sake shi a hankali.

"Yarinyarka ta iya waƙa," ya ce, ya koma mazauninsa.

Kafin Wilmer ya juyo, Yesenia ta haye benci wurin kawunta. Ya same su sun haɗa kai a kan wayar, har da Maritza da Darlene. Ashe lokacin ɗauka Eusebio ya jawo hoton kusa sosai, fuskar Yesenia ta cika wayar. A gefe ɗaya akwai wani abu baƙi da yake leƙowa yana ɓacewa. Gwiwar hannun Wilmer ce.

"Kawu, turo mini, turo mini yanzu!" Sai ta ɗago kai ta ga ubanta. "Baba, ni tuta nake kallo. Ka dafe ɗin kuwa?"

"Na dafe."

"Kawu, ya dafe?"

Eusebio ya mayar da bidiyon farko, ya kanne ido ɗaya yana dubawa.

"Ni dai ban gani ba," ya ce. "Matsa kaɗan, mijin Yaya, ka tare mana wasa."