Angarib ɗin Umma

Ina shanyar wanki na ga angarib ɗinmu yana tafiya a lungu. Gadon igiya ne, Umma ta jingina shi a rana saboda kuɗin cizo. A ƙarƙashinsa ƙafafu biyu ne sirara da gindin wata tsohuwar rigar soja. Baba Abdussalami ne, maƙwabcinmu, wanda duk garinmu Mai Wurno ke kira Shawish, wato saje.

Ni ba na iya ɗaga murya, ko a ajinmu na sakandare a Sennar. Sai da ya shige gidansa na je na gaya wa Umma.

"Kaji bai ishe shi ba, yanzu gado?" Ta yafa mayafi, na bi ta.

Shawish ya yi yaƙin Turawa da Italiya a duwatsun Keren. Ya dawo da lambar girma da hawasha ta auduga, gona mai kyau a bakin ruwa. Aragi, giyar dabino, ya cinye gonar, ya cinye lambar, matarsa ta koma wajen danginta a Dinder. Daga nan sai ɗauke-ɗauke: kaza, buta, takalmi a ƙofar masallaci. In an kama shi sai ya ƙame ya sara.

Mun same shi kwance a kan gadon, yana haki. Ɗakin ba komai sai tabarma da kwalabe.

"Baba Shawish, tashi ka ba ni kayana."

"Raliya, aro na yi."

"Aro? Wa ka tambaya?"

"Na tambayi gadon, bai ce a'a ba."

Dariya ta kusa kuɓuce mini, na rufe baki da gyale. Ya hango ni.

"Sit Huseina, 'yar boko, gaya mata soja ba ya sata."

"Ina naka gadon?" in ji Umma.

"Na shanye shi tun bara." Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa, muryarsa ta sauya. "A Keren cikin bargo munka riƙa jan gawarwakin mutane, kai na bugun dutse. Ni na ja su da hannuna. Nan garin kowa a kan angarib aka kai shi makwanci. Wa zai ba mashayi nashi? Kar a ja ni, Raliya."

Umma ta tsaya tana kallonsa. Ta taɓa goshinsa da bayan hannu, ta janye.

"Kalas, shi ke nan. Amma in na ji warin aragi a igiyar nan, da kaina zan juye ka ƙasa."

"Hadir, ya afandim, an ji, ranki ya daɗe."

Tun ranar ni ke kai masa kunu. Wani lokaci ya sha, wani lokaci ya ce in ajiye. Umma kuwa ta koma kwana a tabarma, tana mitar ciwon baya kowace safiya.

Ranar wata Laraba da hantsi na same shi ya juya fuska gabas, rai ya yi halinsa, kunun jiya na nan da ƙudaje. Maza suka taru, ba su da yawa, amma sun isa ɗauka. Da suka fito da shi a kan angarib ɗin, Umma ta leƙo daga zaure.

"Ku riƙe ƙafar baya da kyau, tana girgiza."

Na tsaya bayanta ina kallo. Suka bi bakin ruwa suna sauya kafaɗa. Ya ƙanƙance ƙwarai, likkafanin ko rabin gadon bai cika ba.