Ranar da Kangwa Ya Kwance Robar Gwiwa

Duk garin Kabwe, in ana zancen 'yan kwana-kwana, sai an ce Kangwa kafin a ambaci wani. Shekara ashirin da tara yana bin wuta, har wutar ma ta san shi. Irin mazan da aka yi a zamaninmu ke nan, waɗanda hayaƙi ne malaminsu, ba allo ba. Yaran yanzu sai sun ɗaura abin numfashi sun duba agogo. Mu kuwa jiƙaƙƙen hankici ne a baki, ka kira sunan Allah ka faɗa.

To, shi ma tasa ranar ta zo. Wani siton katako ya kama da wuta a bayan tashar jirgin ƙasa, mai gadin ya maƙale a ciki. Kangwa ya shiga ya saɓo shi, yana dab da ƙofa ginshiƙin rufi ya sauko masa a ƙugu. Ya wurgo mai gadin waje, shi kuwa sai da ƙarti shida suka ɗaga katakon. Wata biyar ya yi a asibiti. Ya fito da ƙarfe huɗu a ƙugu, da gwiwar hagu mai zamewa duk sa'ad da ta ga dama, da sanda, wadda ya tsana kamar mutuwarsa.

Da ya koma ofis, akawu ya shimfiɗa masa takarda biyu a kan tebur, fara da shuɗiya, ya kira shi Ba Kangwa, yadda ake girmama manya a garin.

"Ba Kangwa, farar nan ta ritaya ce kawai. Ka sa hannu, a haɗa maka kuɗinka a dunƙule, kafin wata biyu sun shigo, shi ke nan an rabu. Shuɗiyar ta wanda ya ji rauni a bakin aiki ce. Duk wata za a riƙa ba ka fansho har ƙarshen ranka, ga katin asibiti, in kuma ka riga mai ɗakinka tafiya ta ci gaba da karɓar rabi. Sai dai fa sai ka tsaya gaban likitoci uku sun tabbatar ba ka iya aikin. Zama ɗaya suke yi. In suka ce lafiyarka ƙalau, ba sauran magana, sai ka dawo kan farar."

"Ba na iya aikin?" Kangwa ya leƙo ta saman tebur. "Kai yaro, wa ya faɗa maka?"

"Ni dai takarda na karanta maka, Baba."

Ya naɗe su duka biyun ya cusa a aljihu, ya ɗingiso gida.

Ya iske matarsa, wadda kowa ke kira Bana Lombe, wato uwar Lombe, ɗansu na fari, tana tuƙa nshima, tuwon masara, a tsakar gida, ƙamshin soyayyen kapenta, ƙananan kifin nan, ya cika ko'ina. Maƙwabcinsa Sakala na zaune a kan turmi, ya riga ya wanke hannu. Sakala tsohon sajan ɗin 'yan sanda ne, mutumin gabas, ƙabilarsu da ta su Kangwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Hannunsa na dama ya shanye tun ranar da ɓarayin shanu suka harbe shi.

"Mai cin ɓera, hancinka ya fi agogo," in ji Kangwa.

"Na zo ne in ga ko yau biri aka dafa, in yi ta kaina. Yaya, sun ba ka takardun?"

Kangwa ya jefa masa su a cinya. "Farar zan sa wa hannu. In karɓi abina in sayi injin niƙa, ba mai tuɓe ni yana latsa ni kamar gwanda a kasuwa."

Sakala ya yi dariya har ya ƙware. "Bana Lombe, ki ba shi labarin bas ɗina."

"Me zan ba shi? Ai ta saman katanga yake hango ta kullum."

"To ita ce farar takarda, ɗan'uwa. Ni ma haka na ce, ba mai latsa ni. Na kwashi kuɗi na sayi ƙaramar bas. Direban fari ya cinye tayoyi, na biyu ya cinye inji, na uku bai samu komai ba ya tafi da madubi. Yanzu kajin matata ke kwana a ciki, ko kuɗin mota ba sa biya. Sajan guda, ga ni ina gadin kanti da hannu ɗaya."

"Kai ɗan sanda ne. Ku ba ku iya juya kuɗi ba, karɓa kawai kuka iya."

"Na ji. Kai da ka iya, wa zai ɗaga buhun masara ya zuba a injin? Ƙugunka?"

Bana Lombe ta ajiye kwanon a gabansu, ta goge hannu da gefen zani, ta kira mijin da sunan da ta saba, wato uban Lombe. "Bashi Lombe, ni ban ce ka je ka ce ba ka iyawa ba. Ka je ka tsaya kawai, su gani da idonsu. Maganin da kake sha ba a rijiya nake ɗebo shi ba."

Kangwa ya gutsuri nshima yana murzawa a tafi.

"Ƙyale shi," in ji Sakala. "Tsoro yake ji. Wuta ba ta riƙe allura, shi ya sa yake mata jarumta."

"Ni? Likita uku? Su zama talatin mana!" Ya miƙa hannu. "Ba ni shuɗiyar."

Haka aka yi ya zaɓi shuɗiya, aka sa masa ranar Laraba.

Amma akwai abin da ba mai gane shi sai wanda ya ci tuwon aikin nan. Duk shekara ana kai 'yan kwana-kwana gaban likita, wanda duk aka samu da wata 'yar matsala sai a sauke shi daga kan mota a mai da shi ɗakin ajiya, ya yi ta kirga tiyo yana ɗaga waya. A wurinmu wannan ya fi kora ciwo. Saboda haka tun kana sabon shiga manya ke koya maka yadda ake cin galabar likita. Mai hawan jini ya kwana yana shan tafarnuwa. Mai raunin ido ya haddace allon baƙaƙe tun daga bakin ƙofa. Mai ciwon gwiwa kuwa ya yanko robar cikin taya, ya naɗe ta tam a ƙarƙashin wando. Sau ashirin da tara Kangwa ya shiga gaban likita, sau ashirin da tara ya fito da nasara. A saninsa likita abokin kokawa ne, kuma ba a zuwa kokawa don a faɗi.

Ranar Laraba da sassafe ya kulle kansa a banɗaki. Ya mulke ƙugu da man zafi, ya naɗe gwiwa da roba har sai da yatsun ƙafarsa suka yi sanyi, ya haɗiye ƙwayar ciwo uku maimakon ɗaya. Bai ma tsaya tunani ba, hannunsa ne ya san aikin. Ya sa kakinsa na fareti da lambobin yabo, ya fito yana ƙyalli.

Ɗakin likitocin yana hawa na biyu. Ya hau da ƙyar, Bana Lombe a gefe ɗaya, Sakala a ɗaya. Da aka kira sunansa sai ya miƙa wa Sakala sandar.

"Riƙe min."

"Kai, mahaukaci! Da ita za ka shiga!"

Ina, ya riga ya tura ƙofa.

Likitoci uku ne a bayan dogon tebur, samari biyu da wata dattijuwa mai furfura a tsakiya, Dakta Mweemba. Kangwa ya ƙame, ya sara musu.

"Zauna, Ba Kangwa," in ji ɗaya saurayin. "Yaya ƙugun?"

"Garau, ranka ya daɗe."

"Ba ya hana ka barci?"

"Ni? Sai an tashe ni."

"Ɗan taka mu gani."

Ya taka. Kai, ya taka! Daga bango zuwa bango, ƙirji a gaba, hannu na lilo, ya juya a kan dunduniya kamar ranar faretin samun 'yanci. Ji yake kamar ana soka masa jan ƙarfe a ƙugu, amma ko gira bai motsa ba. Saurayin ya dubi ɗan'uwansa, ya ɗaga kafaɗa, ya sa biro a takarda. Kangwa ya hango biron yana gudu, zuciyarsa ta yi fari. Ya sake kayar da su.

Dakta Mweemba ba ta rubuta komai ba. Ta ɗan ja hanci, don ƙaurin man zafi ya riga ya cika ɗakin. Ta dubi zufar da ke ɗiga daga haɓarsa, ta dubi ƙafar wandonsa ta hagu wadda ta fi ta dama kauri. Ta ɗora hannu a kan takardar saurayin.

"Dakata tukuna. Ba Kangwa, an ce kai ke raba wa yaranka aiki in an isa wurin gobara?"

"Shekara goma sha ɗaya, ranki ya daɗe. Ban taɓa rasa mutum ko ɗaya ba."

"Madalla. To taimaka min da shawara, don ni ban san aikinku ba. Ga bene hawa uku yana ci, ga yarinya a taga. An kafa tsani, yaronka ɗaya na riƙe da gindinsa. Kana da wani mutum, jarumi ne, ba ya tsoron komai. Amma akwai ƙarfe huɗu a ƙugunsa, gwiwarsa kuma ba ta tsayawa sai an ɗaure. Za ka tura shi ya sauko da ita?"

Kangwa ba wawa ba ne. Tun daga ƙarfe huɗu ya gane inda aka nufa. Ya buɗe baki zai ce zai tura shi mana, maganar ta ƙi fita. Ya yi wa likitoci ƙarya iyakar rayuwarsa bai ji komai ba, amma a kan tsani bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ya san yadda nauyin mutum ke sauka a ƙafar hagu a mataki na uku daga sama. Ya san kuma a kan wa ake faɗowa.

"Ba zan tura shi ba," ya ce a hankali.

"Ko da ya rantse maka lafiyarsa ƙalau?"

"Ai masu rantsuwar su suka fi haɗari. In ya matsa ma sai in sa a zaunar da shi a cikin mota a kulle."

"To ni ma aikina ke nan. Kwance abin da ka ɗaura, kafin ƙafar ta mutu mu samu sabon aiki."

Ya zauna, ya naɗe wando, ya shiga warware roba. Zagaye bayan zagaye, har ta taru a ƙasa kamar mesa ta tuɓe. Samarin suka zagayo tebur suna kallo baki sake.

"Baba, tun yaushe kake yin wannan?"

"Tun ba a haife ka ba." Kunyar da ta fara kama shi ta gudu, don ya ga yaran sun yi mamaki, shi kuwa ba abin da ya fi so kamar a yi mamakinsa. "Wannan ce ta ba ku tsoro? To ku tsaya." Ya cire riga. "Nan tankar mai ce, a hanyar Kapiri. Nan kwano ne ya yanke ni a kasuwa, ɗinki sha bakwai, ban yarda an sa min allurar kashe zafi ba. Wannan kunnen bai ƙara ji ba tun da tukunyar gas ta fashe, shekara tara ke nan, kuma ba likitan da ya taɓa kama ni. Ƙugun nan da kuke tambaya, in na kwanta ta hagu sai Bana Lombe ta juya ni kamar kifi a kasko. Wani ne da tuni an yi bakwai ɗinsa. Rubuta, yaro, me kake jira?"

Suka yi ta rubutu har takarda ta ƙare aka ɗauko wata. Sai da Dakta Mweemba ta ɗaga hannu.

"Ya isa, Ba Kangwa, akwai mutane a layi. Rabin wannan ma ya wadatar." Ta sa hannu a shuɗiyar takardar, ta miƙa wa samarin su ma suka sa. "Rauni a bakin aiki. Wasiƙa za ta same ka a gida, amma ka je ka kwanta da kwanciyar rai."

Ya yunƙura zai sara mata, gwiwar ta ce ba da ita ba. Dole aka buɗe ƙofa aka kira 'yan rakiyarsa.

Bana Lombe ta shigo, ta ga roba a ƙasa, ta ga mijinta ba riga, ta ɗora hannu a ka. "Bashi Lombe! Ka kashe mu!"

"Sun sa hannu, mace. Duk wata, har da rabinki. Amma kar ki sa rai da wuri, ina nan daram."

Ta zauna a kujerar da ke kusa tana dariya tana share ido da bakin zani.

Saura saukowa daga bene. Ƙwayoyin sun sake shi, ƙafar kuma ta kumbura, ko da sanda ba ta takuwa. Sakala ya dube shi sama da ƙasa, ya tofa yawu a tafinsa mai lafiya.

"Zo nan, jarumi. Yau gwamnati za ta goya ka."

"Ba haka ake yi ba, sakarai! Sunkuya. Sa kafaɗarka a cikina, hannunka ta tsakanin ƙafafuna. Yawwa. Ɗaga da gwiwa, ba da baya ba. Shekara nawa ka yi a aiki ba a koya maka ɗaukar mutum ba?"

"Mu 'yan sanda jan mutum muke yi."

Haka suka sauko, mataki ɗaya bayan ɗaya, Bana Lombe a gaba da sanda da shuɗiyar takarda tana buɗe musu hanya, Kangwa a saɓe a kafaɗar Sakala, kai a ƙasa, yana ba da umarni.