Kayan Jegon Lubna

Ranar da labarin ya iso Rawayau, Sakinatu tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ji tsayuwar babur a waje, sai ga yayanta Malam Rabe ya shigo. Ta shimfiɗa masa tabarma, bai zauna ba.

"Sakinatu, sai haƙuri. Ja'afar ya kira daga Jidda. Lubna ta sauka, ɗiya mace, tana nan da ranta. Ita kuwa uwar, Allah ya karɓi abarsa."

Ta yi salati, ta sake yi. Gyaɗar ta watse a ƙasa, kaji suka taru a kai. Ita kuwa hankalinta ya tafi ga kwalin da ke ƙarƙashin gadonta, ya ƙi dawowa.

Lubna ce 'yarta ta fari, don haka ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce yarinyar nan. Ja'afar tela ne, ya aure ta ya tafi da ita Jidda inda yake ɗinki. Da ciki ya samu, komai na can ya riƙa tayar mata da zuciya. Wata rana ta kira uwar a waya.

"Inna, turaren ƙasar nan duk amai yake sa ni. Na ɗakinki nake so, ko kaɗan ne."

"Ke, kina ƙasar turare kina roƙon na ƙauye? Kada ki bari mutane su ji."

"Su ji mana. Ni dai ki aiko mani."

Washegari Sakinatu ta fara haɗi. Ta wanke farcen turare ta soya, ta daka da sandal da kajiji, ta haɗa humra ta ɗura a kwalabe. Ta yi turaren wuta har maƙwabta suna leƙowa ta katanga. Ta daka yajin jego. Ta shirya komai a kwali ɗaya, ta hau babur zuwa Kurfi, daga nan ta shiga mota sai Dutsin-Ma, wurin Alhaji Ilu mai karɓar saƙon ƙasashen waje yana turawa Kano.

Alhaji Ilu ya buɗe kwalin, ya ɗaga kwalba ɗaya ya shinshina.

"Kai, Hajiya, wannan hannu ya iya. Sai dai masu jigilar kaya ta jirgin sama da nake aikawa ta hannunsu ba su karɓar turaren ruwa, sun ce yana kama wuta. Busasshe kawai suke ɗauka."

"To ya za a yi?"

"Akwai jirgin ruwa, amma kafin ya isa jikanki ya fara rarrafe, zafi kuma ya kashe ƙamshin. Ko ki jira mai tafiya Umra ya sa a jakarsa. Ni shawarata, a raba. Turaren wuta da yaji su tafi yanzu, humra ta biyo baya."

"A raba kayan jego? Yayar mijinta tana can. Ita za ta buɗe kwali ta ga itace da barkono, ta ce abin da uwa ta iya ke nan."

"Hajiya, yayar miji ce ke amai ko ɗiyarki?"

Masu zama a bencin shagon suka yi dariya. Dariyar nan ce ta ɓata mata rai. Ta ɗaure kwalinta ta ɗora a kai, ta ce ba ta zo a koya mata aiken jego ba.

A Kurfi akwai Hajiya Batula, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ke shirin Umrar azumi. Ta ce za ta kai kwalin har ɗakin Lubna, ba a cire ko tsinke ba. Sakinatu ta ƙirga watanni a yatsunta, ta ga azumi zai riga haihuwa. Ta koma gida da farin ciki.

Duk kiran da Lubna ta yi sai ta tambaya.

"Inna, saƙon ya taso?"

"Yana nan tafe. Kin cika gaggawa, kamar ubanki."

"Ko ɗan ƙulli ne da kin ba masu jirgi."

"Ƙulli? Ɗiyar wa za a kai wa ƙulli?"

Lubna ta yi dariya, ta ce to Allah ya kawo Hajiya Batula lafiya. Haihuwar ta zo tun watanta bai kama ba, ko bizar Hajiya Batula ba ta fito ba.

Da aka share makoki, Sakinatu ta jawo kwalin. Da hannunta ta fitar da kwalaben humra ta jera a gefe, ta bar yajin ma, tunda babu mai jego. Ta ɗauki turaren wuta ta koma Dutsin-Ma. Alhaji Ilu ya riga ya ji. Ya yi mata gaisuwa, ya auna ƙullin, ya rubuta sunan Ja'afar a jiki.

Mako bai zagayo ba yayar Ja'afar ta kira.

"Inna, saƙo ya iso. Yanzu na turara kayan jaririya, gidan duk ya ɗauka. Wallahi ban taɓa jin irinsa ba."

Sakinatu ta ce madalla, ta kashe wayar. Ta daɗe zaune a bakin gado. Ashe Jidda kusa ce haka.

Da azumi ya matso Hajiya Batula ta zo karɓar humrar. Sakinatu ta ce ta bari, babu mai shafawa a can. Sai jaririyar ta girma, in da rabo.

Kwalaben suna nan a bayan kwanukanta. Humra in aka bar ta ba motsi, garin sai ya kwanta a ƙasa ya daskare. Shi ya sa kullum da safe, in ta gama shara, takan ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ta girgiza, ta goge ƙurar da gefen zanenta, ta mayar. Ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba.