Saura Minti Tara

"Saura minti tara," in ji kwamfuta, Malam Maccido kuwa ya yarda da ita, don a shekara talatin da biyar na aikin gwamnati ya yarda da waɗanda suka fi ta ƙarya.

Ranar ce ta ƙarshe gare shi a matsayin shugaban sashen ajiyar takardu na wata hukumar jiha a Sakkwato. Ƙarfe sha biyu za a yi masa walimar bankwana, ya miƙa mabuɗai da kwamfutar ofis ga Wasila, wadda za ta gaje shi. Kafin nan yana son ya kwashe wata folda mai suna "Tsofaffin Wasiƙu" zuwa faifan ajiyar da ya sayo jiya a Gidan Igwai, sannan ya goge ta ƙaf.

Babu wasiƙa ko ɗaya a ciki. Malam Maccido, mutumin da ya taɓa ƙwace rediyon masinja saboda kiɗa, mawaƙi ne a ɓoye. Shekara tara ke nan, in kowa ya fita cin abincin rana sai ya kulle ƙofa, ya zauna gaban kwamfuta yana buga tebur da biro, yana rera zambo ga manyansa ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana ɗaukar murya da hoto. Ba wanda ya taɓa ji, har Bara'atu matarsa.

Da farko abin ya tafi kamar an koro shi. Koren layi ya ci rubu'in hanya kafin Maccido ya gama kurɓar shayi. Daga nan sai ya fara ɗingishi. Minti tara suka koma arba'in. Arba'in suka haifi awa ɗaya da rabi. A ƙarƙashin layin kuwa, sunan kowane fayil da ake kwafa yana fitowa ɓaro-ɓaro, ya daɗe a tsaye kamar mai jiran a gaishe shi.

Aka yi sallama. Wasila ce, da littafin karɓar aiki a hannu.

"Baba Maccido, an kwana lahiya? Na taho mu hwara lissahin kaya."

"Lahiya lau, ɗiyata. Hwara da durowoyin can na baya."

Ya miƙe ya tsaya gaban kwamfutar, ya baza babbar rigarsa kamar mai shanya. Wasila ta ƙirga durowa goma sha huɗu, ta dawo ta same shi yana nan, hannuwa a buɗe, zufa na bin gemunsa.

"Baba, mi kake kwahewa haka?"

"Wasiƙu."

Ta leƙa ta ƙarƙashin hannunsa. Ta karanta a hankali, don ita mace ce mai son tabbatar da abu: "Tumbin Darakta Ya Riga Shi Shiga Ohis, ta biyu."

Maccido ya sauke hannuwansa. Wasila ta danne bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Don girman Allah," ya ce ƙasa-ƙasa, "ku da kunka yi boko na zamani, sa wanga abu shi yi sauri."

Ta taɓa faifan, ta janye yatsa. "Ya yi zahi awa kaskon masa. Baba, irin wanga faifai ɗan zaure gare shi mai saurin karɓar baƙi. In zauren ya cika, sai kowa shi bi layi ta ƙaramar ƙohwa. Ga zahin garinmu kuma. Ba shi da magani sai haƙuri."

"In na zare shi fa?"

"Kana iya rasa wanda ka kwahe."

"In na goge duka yanzu?"

"Minti guda ya isa."

Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Shekara tara. Akwai waƙar da ya yi wa wani tsohon sakatare wadda shi da kansa, in ya tuna amshinta a sahun sallah, sai ya yi tari don kada dariya ta ƙwace masa. Ya janye hannun. Ya ɗauko fayil ɗin wani ma'aikaci da ya rasu tun bara, ya shiga yi wa faifan fifita.

A haka Darakta Ubaidullahi ya same su. Tumbinsa ya fara shigowa, sannan shi.

"Maccido, mutane na can sun taru, lemu na hucewa. Mi ya tsai da kai?"

"Rankai daɗe, 'yan wasiƙu na."

Darakta ba ya iya tsayuwa in akwai kujera. Ya zauna a ta Maccido, ya sa tabarau, ya dubi abin da ke gabansa. Kwamfuta ta ce saura awa huɗu. A ƙasa kuma ta rubuta: "Darakta Ubaidu Mai Barci Da Ido Buɗe, ta uku."

Wasila ta sami wani abu mai muhimmanci a cikin littafinta. Maccido ya tuna takardarsa ta barin aiki tana kan teburin wannan mutum, ba a sa mata hannu ba tukuna.

"Malama Wasila," in ji Darakta, "kunna mani."

Ta dubi Maccido, ta kunna. Sai ga shi a fuskar kwamfuta, hula a karkace, yana dukan tebur:

"Ubaidu na taro, ido na kallonmu,
Rai ya tahi Wamakko ban ruwan albasa.
In anka ce a sa hannu, shi ce a kai gobe,
In anka ce ga tuwo, shi ce ina miya?"

Maccido bai taɓa jin muryarsa a gaban mutane ba. Abin da ya ba shi mamaki, a tsakiyar tsoron, shi ne yadda ya ji haushin lasifikar da ke cinye masa amshi.

Waƙa ta ƙare. Darakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai yi dariya ba. Ya karɓi linzami ya buɗe foldar da kansa, yana bin sunaye da yatsa, leɓɓansa na motsi.

"Wanga Sule da ke nan, Darakta Sule na? Wanda na gada?"

"Shi na, rankai daɗe."

"Goma sha ɗaya." Ya juyo da kujera. "Sule shekara biyu yay yi nan wurin, ko hwanka bai gyara ba. Waƙa goma sha ɗaya. Ni shekara shida ina hwama da ku, uku?"

Maccido ya gyara murya.

"Rankai daɗe, shi Sule... abin hwaɗi ya yi mashi yawa."

"Ni kuma ba ni da shi? Raini na, Maccido." Darakta ya nuna kwamfuta da haɓa. "Ta ce awa huɗu. Malama, je ki ce a ci walima, mai walima na bisa aiki. Kai kuma zauna. Takardarka na nan, in na ji ta huɗu in sa hannu. Kuma kada ka sake sa mani albasa, shinkahwa nike nomawa."

Wasila ta fita da sauri, dariyarta ta fashe tun ba ta kai ƙarshen baranda ba.

Malam Maccido ya jawo benci ya zauna. Ya dubi Darakta tun daga hular da ta yi masa kaɗan har zuwa takalmin da ya tuɓe ƙafa ɗaya yana sosa diddige, a natse, karo na farko da izini. Sannan ya ɗauki biro, ya gwada shi sau biyu a bakin tebur.