Sarƙa a Hoton Ƙirji

Tsohon likitan hoto ya yi shekara talatin yana leƙa ƙirjin mutane, amma tun da matarsa ta rasu ƙirji ɗaya yake kallo. Kowace safiya sai ya zaro hoton daga ambulan ya ɗaga shi jikin taga, shayinsa ya huce, babu mai yi masa faɗa.

Shi ya karanta hoton ranar da tari ya tsananta mata. Ya ga farin hazo a huhu biyu, ya ce muguwar mura ce irin ta kowace shekara, ya mai da ita gida. Bayan kwana shida ta cika. Daga baya aka fara maganar wata ƙwayar cuta wadda hazonta ke bin gefen huhu. Abin da ke cin ransa ke nan: wacce ce ta kama ta, kuma shi ne ya yi kuskure?

Wanzami dai ba ya son jarfa. Sai da ya yi wata uku yana ɗage tafiya kafin ya nufi tsohon asibitinsa, inda ɗalibarsa ce yanzu a kan kujerarsa.

"Malam, kai da kanka? Ai da ka aiko."

"Duba min wannan, na mai ɗakina ne. Kada ki ji kunyata."

Ta maƙala hoton a allon haske, ta daɗe tana kallo.

"Hazon ya ɗan bi gefe, amma na mura ma yakan yi haka. Malam, kai ka koya mana: hoto zato yake bayarwa, gwaji ke faɗin sunan cuta. An yi mata gwaji?"

"Ni na ce ba sai an yi ba."

Ta sunkuyar da kai. Ya zo ne a wanke shi ko a ɗaure shi, ga shi bai samu ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Don ta sauya magana ta nuna saman hoton. "Amma wa ya ɗauki wannan da sarƙa a wuya? Da mu ne, da mun sha faɗa."

"Ta sha faɗan. Ta ce tun da na saya mata ba ta taɓa cirewa ba, ba za ta fara don injina ba."

Ɗalibar ta kai hannu za ta kashe fitilar.

"Bari tukuna," ya ce. "Tagar gida ba ta nuna min ita haka."