Taku Goma Kafin Ƙofa

A cikin keken kayan wanki ma'aikatan gidan tsofaffi suka fito da gawar dattijo Mkhulu Zondi, lulluɓe da zanen gado, suka bi ta ƙofar baya inda motar shara ke tsayawa. Gogo MaShezi, wata tsohuwar gidan, ta tare su a baranda. Shekara shida ɗakinta na jikin nasa, ta san tarinsa kamar nata.

"Ta baya? Dattijo guda, kamar buhun shara?"

"Gogo, yau kasuwa ke ci a fili, ga yara," in ji Thobeka, shugabar gidan. "Ba ma son a tayar wa mutane da hankali."

Haka aka tsara unguwar tun a takarda: gidan tsofaffi a tsakiya, shaguna da makarantar yara da benayen masu iyali a kewaye, wai kada tsoho ya zauna shi kaɗai. Benci a kowace inuwa, abin gwanin sha'awa. Hanyar fitar gawa ce kawai babu wanda ya zana.

Ɗan Zondi ya bugo waya daga Johannesburg, ya ce a kai gawar ƙauyensu, Msinga. Zancen reshen kiran kurwa kuwa, ya ce shi ya bar waɗannan al'adun. To gawa ta tafi, kurwa fa? A al'adarsu kowa ya san inda mutum ya cika, nan kurwarsa ke zama, sai an zo da reshen magarya an kira ta, an yi mata jagora har gida. Mai riƙe da reshen kuma ba ya ce wa mai rai uffan. In ya tanka wa wani, nan kurwar za ta tsaya har abada.

Da Asabar ta zagayo, MaShezi ta karyo reshe a bayan katanga, ta ɗora a gadonsa.

"Zondi, ni ce. Tashi mu tafi gida."

Ta fito da shi a hankali. "Ga matakala, Zondi. Yauwa. Ga mu a fili, kada hayaniya ta ruɗe ka."

"Wayyo, ƙaya ce fa!" wata mai goyo ta yi ihu. "Tsohuwar nan za ta tsone wa yara ido!"

Nan da nan wayoyi suka ɗagu ana ɗaukar hoto. Sai ga Thobeka da mai gadi.

"Gogo, ina za ki? Da wa kike magana?"

MaShezi ta kawar da kai, ta ƙara riƙe reshen.

"Yau wace rana ce, Gogo? Faɗa min sunana."

MaShezi ta san tambayoyin nan. Wanda ya kasa amsa su, hawa na uku ake kai shi, sashen masu ruɗewa, inda ƙofa ke kulle ta waje. Ba ta taɓa ganin wanda ya sauko ba. Ta dubi ƙofar unguwa, taku goma ya rage.

"Rabu da su, Zondi," ta ce da reshen. "Mun kusa."

Abin takaicin, Thobeka ta san reshen sarai. Da irinsa aka ɗauko kurwar mahaifinta daga asibiti. Amma ta dubi wayoyin, ta dubi masu shaguna, ta yi wa mai gadi alama da kai. Ya fizge reshen, ya karya shi biyu a gwiwarsa.

"Thobeka! Ke ma fa 'yar mutane ce!"

Sai da maganar ta fita sannan MaShezi ta dafe bakinta. Ina! Ta riga ta tanka.

"Ga shi ta gane ni yanzu," Thobeka ta ce wa jama'a tana murmushi. "Haka ciwon yake, yana zuwa yana tafiya. Zo mu hau sama ki huta, Gogo."

Tagar hawa na uku ba ta buɗuwa. Da yamma MaShezi ta manna goshi a gilashin, ta nemo daidai wurin da ta bar kurwar Zondi. Mai sayar da furanni ya jawo teburinsa ya ajiye a kai, yana yayyafa wa furannin ruwa.