Farin Yadin Zuwa Bakin Teku

Raihana tana da ra'ayi a kan kowace sutura da aka taɓa ɗinkawa a duniya, kuma ra'ayin bai wuce taɓe baki ba. Tun da ta sami aiki a wani ɗakin bincike a Lyon, ta kama gida a Bron da ke gefen birnin, atamfa ta zama ƙauyanci a wurinta, shadda kuwa wai ƙararta ta yi yawa. Da zafi ya shigo, ita sai fari: farar riga sako-sako, farin wando, da malafa irin wadda manoman garinsu ke sawa ba don gayu ba. Agusta na kamawa take bin abokan aikinta gidan shugabarsu Brigitte, a bakin teku kusa da Sète, su baje a yashi kamar an shanya kilishi. Yarinyar da ta girma a Damagaram tana gudun rana, yau ita ke hawa jirgi ta je nemanta.

Bana aka sami cikas. Mahaifiyarta, Hajiya Mutmainna, ta zo Paris a duba mata zuciya, ta sauka a unguwar Château Rouge wurin babbar 'yarta Balkisa. Raihana ce mai magana da likita, don ita ta iya Faransancin asibiti, kuma gwaji ya yi kyau, ta faɗa musu a waya. A wayar ne tsohuwa ta ce abu ɗaya ya rage mata kafin ta koma gida, ta ga teku da idonta. Raihana ta yi suɓul da baka ta ce za ta kai ta. Brigitte ma ta ce lale marhabin.

Sai daga baya Raihana ta tuna akwatin Hajiya. Atamfa ja da ruwan ɗorawa, wata da zanen kaji, wata da zanen fanka, ga ɗaurin ɗankwali da ke shiga ɗaki kafin mai shi. A gidan Brigitte kuwa ranar ƙarshe kowa fari yake sawa, a jeru a ɗauki hoto. Ta hango uwarta a tsakiyar hoton nan, ta ji kunya ta rufe ta har wuya.

Ta shiga wani kanti a Lyon ta sa aka yanko mata farin yadi mai laushi, marar ko ɗigon ado, da niyyar tela ya yi doguwar riga da mayafi. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris tana yaba wa kanta wayo. A titin Château Rouge ta ratsa masu gasa masara da masu kiran mata kitso tana ɗage hanci, sai ka ce ba a irin wannan hayaniyar aka yaye ta ba.

Bayan gaisuwa ta ɗora ƙunshin a cinyar uwarta. "Tsaraba ce, Inna, ta tafiyarki."

Hajiya ta warware, ta shafa. Balkisa, da ke zuba shayi, ta ajiye butar.

"Raihana," in ji tsohuwa a hankali, "mi lokotoro ya ce miki wanda ba ki hwaɗa mini ba?"

Sai a lokacin Raihana ta kalli abin da ta kawo. Farin yadi ne ba ɗinki, kuma a garinsu tafiya ɗaya ake saya wa tsoho irinsa. Ba yadda za ta kwantar wa uwarta da hankali sai da gaskiya, gaskiyar kuwa ba ta da kyan faɗa.

"Lafiyarki lau, wallahi. Na vakansi ne, hutun bakin teku. Can kowa fari yake sawa, kayanki kuma… Za su yi ta kallonmu."

Balkisa ta ja dogon tsaki. Hajiya kuwa ajiyar zuciya ta yi.

"Alhamdu lillahi. Ashe ba mutuwa ba ce, kunyata kike ji." Ta ninke yadin tsaf, ta miƙa wa Balkisa. "Sa mini a ƙasan akwati, ranarshi na zuwa. Ke kuma tahi wurin mutanenki, ɗiyata. Tekun na yahe."